Yadda ake ɗaukar bidiyon ƴan iyo a tabki da waya, a kuma yi mishi montaj ya fito

Tun ranar da na ɗora bidiyon nan na ƙanena da abokanshi suna tseren iyo ake ta tambayata wai da wace kamara na ɗauka, wani a fadarmu har rantsuwa ya yi wai GoPro ce na ɓoye, ƴar ƙaramar kamarar nan mai shiga ruwa. Walle waya ce, wayar ma ba wata babba ba, kuma ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba a ranar. To bari in zauna in yi bayanin gaba ɗaya tunda damina ta kankama tabkuna sun fara cika, kowa ya huta da tambaya.

Mu dai a Damagaram an san mu da ƙishin ruwa ba da wasan ruwa ba, wanda ya taɓa bin layin bido a famfo lokacin bazara ya san zancen. Amma daga watan Agusta zuwa Oktoba duk wani kududdufi da tabki na bayan gari cike yake da yara da samari, masu ninƙaya, masu kurme, masu alkafura daga kan dutse, masu hawa robar cikin taya ko bido biyu ɗaure da igiya, in ka miƙa hanyar Gure ka wuce Mirriya ka isa Gidimuni kuwa ga ruwa nan ga dabino ga garake ga masunta, wuri ne da ko makaho ya riƙe waya sai ya fito da abu. Sai kuma fisin, wato ginannen wurin iyo na otel, ga mai ɗan kuɗin shiga. Abin ɗauka dai akwai shi, matsalar ita ce yawancinmu mutum ya tsaya can nesa a tsaye, ya ja zum har ƙarshe, ya bar waya na ta ci minti bakwai yana ihu a bakinta, ya turo ma a WhatsApp ka buɗe ka ga wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo na motsi cikin kunun kanwa.

Abu na farko, kuma ni a wurina shi ne rabin aikin: wayarka ba ta shiga ruwa. Na san za ka ce taka an rubuta ba ta jin ruwa. Lambar nan IP67 ma'anarta an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, IP68 kuma ta ɗara haka gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa, amma gwajin cikin ruwa mai tsabta ne wanda ba ya motsi, kuma da sabuwar waya. Taka da ta faɗi sau biyar, mai gyara ya taɓa buɗe bayanta ya canza batir ya maida da gam, wannan lamba ta riga ta tashi aiki. Ga kuma laka da yashi da za su cika ramin caji da na magana. Ni da kaina na yi wannan wautar shekara uku da suka wuce, na saka waya cikin ledar ƙanƙara biyu na ɗaure da kyauro na ce ai shi ke nan, na shiga ruwa iya ƙirji ina ɗaukar wani abokina, can na ga fuskar waya ta yi kore ta yi fari ta ɗauke. Na kwance leda sai ga ruwa kamar cokali biyu a ciki, ashe farce na ne ya huda ta tun wajen ɗauri. Na kai wa mai gyara a kasuwar Dole, ya buɗe ya kalle ni ya ce maigida wannan sai dai addu'a. Hotunan sunan ɗan yayata duk a ciki suka tafi.

In dole sai ka kusanci ruwa, sayi jakar robar nan mai maƙulli a baki da igiyar ratayawa a wuya, masu kayan waya na kawo ta. Amma kar ka yarda da ita haka nan, araha ba ta ado. Ka cusa takarda busasshiya a ciki ka kulle ka danna ta cikin bokiti ka ɗora dutse, bayan rabin awa ka fiddo, in takardar ta yi ko ɗan sanyi-sanyi to ba da wayarka ba. Kuma ka riƙa maimaita gwajin duk ranar da za ka fita don robar na tsagewa daga gefe in ta sha rana. Abu biyu da ba a gaya ma mutum: fuskar waya ba ta jin yatsa a cikin ruwa, wani lokacin ma ruwan ne ke danna mata abin da ya ga dama, don haka ka kunna ɗauka tun kana waje ko ka yi amfani da maɓallin ƙara murya na gefe, yawancin wayoyi yana kunna kamara ya kashe. Na biyu jakar na yin gumi daga ciki in ka fito da ita daga rana ka tsoma a ruwa mai sanyi, hoto ya yi hazo kamar hunturu. Ƴan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, jefa ɗaya a ciki yana shanye laimar.

Amma tsaya ma, me za ka gani a ƙarƙashin ruwan tabki? Ba komai. Ruwanmu jan ƙasa ne, ko hannunka ba ka gani. Ɗaukar cikin ruwa ta fisin ce kawai, can ma da rana tsaka lokacin da haske ke sauka har ƙasa, kuma ka matsa kusa da mutum sosai kamar taku biyu. Ita GoPro da ake ta zance, gaskiya ne tun samfurin da ya fito a 2016 tana shiga har mita 10 ba tare da wani gida ba, amma ko ita ka tsoma a kududdufin bayan unguwa laka za ta nuna ma.

In tsautsayi ya faɗa waya ta jiƙe: kashe ta nan take, cire sim da katin memori, girgiza ta a hankali ramin caji na kallon ƙasa, ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, kar ka kuskura ka sa caji sai ta kwana ta wuni. Cajin nan na iya ƙarasa kashe ta. Zancen binne ta a shinkafa kuwa, kamfanin Apple da kanshi ya ce a daina, gari da ƙananan ƙwayoyi ne kawai ke shigewa ramukan.

To yanzu ɗaukar kanta. Sirrin da ya sa aka zaci GoPro ce ba wani abu ba ne illa na durƙusa. Na tuɓe takalmi na sa gwiwa a laka, waya kamar taƙi ɗaya sama da ruwa, na juya ta kai ƙasa yadda idon kamara zai zama shi ne mafi kusa da ruwan. Daga nan mai iyo yana tahowa sai ka ga kamar zai shigo ma cikin ido, ruwan da hannunshi ke watsawa ya yi sama da kamara, dabinon da ke can baya ya fito, tabkin da bai fi filin ƙwallo ba ya koma kamar kogin Kwara. In kana tsaye kuwa ƙeyar mutane kawai kake ɗauka da jan ruwa. Gwada duka biyun ka gani da idonka, ba sai na yi ta rantsuwa ba.

Zum kuma ka manta da shi. A ƙananan wayoyinmu zum ba ya matso da komai, yanka hoton yake yana buɗa shi, shi ya sa yake fashewa kuma ɗan motsin hannu ya zama girgizar ƙasa. Kai za ka matsa da ƙafarka, ko ka ce su su matso, ai ba baƙi ba ne, ce musu ku biyo ta nan gabana. Ka shafe idon kamara da gefen riga busasshe kafin kowace ɗauka, ɗigo ɗaya in ya zauna a kai ya ɓata ma abin da ba zai maimaitu ba, ni har tsumma nake sawa cikin hula don aljihu jiƙewa yake. Sannan ka kunna layukan nan na raga da ke cikin saitin kamara ka daidaita bakin ruwa na can nesa da layi ɗaya, don a bidiyon ruwa in ya karkace ko kaɗan ido na ganewa, sai ka ga kamar tabkin zai zube ta gefe guda.

Ruwa na ruɗa kamara, yana walƙiya, sai ta yi ta ƙara haske tana ragewa da kanta, fuskar mutum ta yi baƙi ƙirin. Maganin shi ka ɗora yatsa kan mutumin ko wurin da zai faɗo ka danne kamar sakan biyu har alamar kwaɗo ta fito, to ta kulle haske da fokas ke nan, sai ka ɗan ja hasken sama ko ƙasa yadda fatar mutum za ta fito. Mu baƙaƙe ne, ruwa da sama kuma fari tas, in ka bar wa waya zaɓi sama za ta zaɓa ta bar ka da inuwa.

Lokaci kuwa, daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe tara, ko bayan la'asar zuwa kafin magariba. Tsakar rana haske daga sama yake dukan kai, ido ya faɗa rami, ruwa ya yi ta ƙyalli, ga waya na zafi har ta rubuto ma ta gaji ta kashe kamara, musamman cikin jakar roba. Ka ba rana baya, ita ce ƙa'ida. Amma akwai inda nake karya ta da gangan: in rana ta yi ƙasa sosai ta yi ja, sai in zagaya in fuskance ta in sa yaro ya yi tsalle tsakanina da ita, shi ya fito baƙi kamar zane, ruwan da ya fantsama kuma kowane ɗigo ya kama wuta. Wannan ɗauka guda ɗaya tak nake sawa a bidiyo, yawanci a ƙarshe. Wata dabara kuma, in kana da tabarau irin mai kashe ƙyalli na direbobi, kara shi a idon kamara ka riƙa juya shi a hankali, za ka ga walƙiyar ruwan ta ragu.

Saitin kamara ba shi da yawa. Sa 1080p, ka rabu da 4K, tana cinye wuri ninki-ninki, tana zafafa waya, montaj, wato yanka da harhaɗa bidiyo, ya riƙa sarƙewa, kuma a ƙarshe WhatsApp zai matse ta ta koma daidai da ta kowa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar da ke gefenta, 30 ko 60, wato hoto nawa kamara ke ɗauka a sakan ɗaya. In wayarka na da 60 sa a 60, don abin da ka ɗauka a 60 kana iya rage mishi gudu rabi ya tafi sumul, wanda aka ɗauka a 120 kuma ya ragu har ninki huɗu. Amma in a 30 ka ɗauka ka zo ka ja shi ralanti, wato ka rage mishi gudu, a montaj, sai ya riƙa tsalle-tsalle kamar kaset ɗin da ya ci zare. Shi ralanti mayen haske ne, da rana ta faɗi kar ma ka fara, yashi-yashi zai fito.

Ka yanke shawara tun a gida, a tsaye ko a kwance. Na sitatus da TikTok da Facebook a tsaye, na YouTube a kwance, kar ka gauraya. A tsaye ya fi dacewa da tsalle daga sama, tsere kuma ya fi son kwance, in dole a tsaye za ka ɗauki tsere to tsaya a wurin da za su ƙare su taho maka gaba da gaba.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Bidiyo ba ɗauka ɗaya ce doguwa ba, guntaye ne ake harhaɗawa, kowane sakan biyar zuwa goma. Kafin ka taɓa maɓalli ka san me kake so. Ni ga abin da nake tarawa in na je: tabkin gaba ɗaya daga nesa sau ɗaya don a san inda ake, takalma da riguna zube a kan dutse, ƙafa tana nutsewa a laka, fuskar yaro yana leƙen ruwa yana haɗiyar miyau kafin ya faɗa, tsallen kanshi, fashewar ruwan, kai yana ɓullowa yana furzar da ruwa, sai ƴan kallo a bakin gaɓa suna shewa. Waɗannan ƙananan da kake rainawa su ne miyar, tsallen tuwo ne kawai. Fuskar ƙanena lokacin da aka tsere mishi, ya fito yana haki yana cewa wai ƙafarshi ce ta riƙe, ita ce mutane suka fi maimaitawa ba iyon ba.

Kuma kamara ɗaya gare ka, don haka sa mutum ya yi abin sau uku. Na farko ka ɗauka daga bayanshi, na biyu daga gefe kana durƙushe, na uku daga inda zai faɗo. A montaj in ka haɗa su sai a zaci mutum uku ne suka ɗauka lokaci guda. Ka kunna kafin ya motsa da kamar sakan biyu, kai za ka ba da umarni, ka kunna tukuna sannan ka ce taho, kuma kar ka kashe sai ruwan ya lafa, wannan rarar ta gaba da baya ita za ka samu wurin yanka. Wajen bin mai iyo da kamara, manna gwiwar hannu a haƙarƙari, riƙe da hannu biyu, ƙafa a kafe, ƙugu ne ke juyawa ba hannu ba, ka bar fili a gabanshi inda ya dosa ba a bayanshi ba. Sannan a tsere ka zauna gefe ɗaya na tabkin. In ka ɗauki rabi daga gabas ka zagaya yamma ka ɗauki sauran, a bidiyo za a ga suna tafiya dama sai kuma ga su suna komawa hagu kamar sun fasa.

Bakinka kuma ka rufe shi don Allah. Kai ne mafi kusa da waya, duk abin da ka ce shi zai danne komai. Iska ma haka, in tana kaɗawa sai ka ji buuu kamar jirgi, ɗan guntun soso na katifa ka ɗaura da kyauro a ƙasan waya wurin ramin magana yana ragewa sosai. Kafin ku tashi ka ce kowa ya yi shiru ka ɗauki ƙarar wurin zalla na rabin minti, ruwa, kwaɗi, tsuntsaye, za ka gode mini a montaj.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba ko da za a ce na cika wa'azi. Mai riƙe da waya ba ya ganin tabki, fuskar waya kawai yake gani. Kuma wanda ruwa ke ci ba ya ihu yadda ake nunawa a fim, shiru yake yi, kai na nutsewa yana ɓullowa, wanda bai sani ba sai ya ce wasa yake. Don haka dole a samu babba guda da ya iya ruwa wanda ba ya ɗauka ba ya wanka, aikinshi ƙirga kawuna, da igiya da bido rufaffe a kusa da shi na jefawa. Sannan kamara na sa yara hauka, wanda bai taɓa tsalle daga dutsen can ba yau zai ce zai yi don a ɗauke shi. Yawancin kududdufanmu ramukan masu tubali ne, nan iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye mutum biyu, wani wurin kuma dutse ne kwance ƙarƙashin jan ruwa. Ba a faɗawa da ka a ruwan da ba a ga ƙasanshi ba, sai wani ya shiga da sanda ya auna, kuma ko an auna da ƙafa ake faɗawa. Hadari ya taso aka fara walƙiya kowa ya fito, komai kyan da sama ta yi. Wani dattijo masunci ya taɓa tsare ni ina ta zuga yara, ya ce ɗana, kai hoto kake nema, ni kuwa na san gidajen da aka kai gawa daga nan. Na ce Baba a yi haƙuri, na sauke waya. Tun ranar in na je sabon wuri shi irin wannan dattijon nake fara nema in gaishe shi in tambaye shi ina ne rami.

Sai tsargiya, ita ba a ganinta a bidiyo. Tsutsarta daga ƴan ƙananan katantanwar da ke cikin ruwan kwance take fitowa ta shiga ta fata, ba sai ka sha ba, kai mai durƙuso a gefen ciyawa kana ɗauka kana cikin layi. Wanda ya ga jini a fitsari ya tafi likita, akwai maganinta, ba alamar balaga ba ce yadda ake faɗa mana muna yara.

Kar ka ɗauki wanda bai ce a ɗauke shi ba. Bakin tabki akwai mata masu wanki, akwai ƙananan yara tsirara, in sun shigo hoto ka canza wuri ko ka yanke a montaj, ba abin tattaunawa ba ne. A fisin ka tambayi masu wurin tukuna. Jirgin nan marar matuƙi kuwa, a halin tsaron da ake ciki kar ka tashe shi ba da izinin hukuma ba, kuma in akwai jami'an tsaro ko wurinsu a kusa maida waya aljihu.

To an dawo gida, an yi wanka da sabulu, an ɗora shayi. Kafin ka buɗe manhajar montaj zauna ka kalli duk abin da ka ɗauko ka sa wa masu kyau alama, cikin guntaye arba'in da ƙyar goma sha biyu za su tsira, kuma haka ya kamata. Ni CapCut nake amfani da ita, ta kamfanin da ya yi TikTok ce, akwai InShot da VN da KineMaster, duk aikin kusan ɗaya ne, sai dai wasu na manna tambarinsu in ba ka biya ba. Farkon abu zaɓi tsayin hoton, 9:16 na tsaye ko 16:9 na kwance, kafin ka yanka komai. Sannan ka jera guntayen. Kar ka fara da tafiya a moto da gaisuwa da sunanka yana juyawa cikin wuta, ba wanda zai jira, mutum na kallo ne da babban yatsa a shirye. Fara da abin da ya fi zafi, ƙafa na barin dutse ko ruwa na fashewa, sakan biyu, sannan ka koma ka nuna wuri da mutane.

Yanka kuma a tsakiyar motsi ake yi. Yaro ya durƙusa zai tashi a ɗauka ta baya, daidai lokacin da ƙafa ta bar ƙasa ka yanke ka shiga ta gefe yana sama, daidai zai taɓa ruwa ka yanke ka shiga ta kusa. Ido na bin motsin ba ya lura da ɗinkin. Ka ja layin lokacin ka buɗe shi da yatsu biyu don ka samu daidai wurin, wani lokacin bambancin kyau da rashin kyau bai kai ƙiftawar ido ba, nan ne za ka ɓata lokaci kuma nan ya cancanta. Kowane guntu sakan ɗaya da rabi zuwa uku ya isa, sai wanda ke da dalilin daɗewa. Abubuwan nan na juya hoto da walƙiya da taurari tsakanin guntu da guntu, bar wa masu bidiyon biki.

Ralanti sau ɗaya ko biyu, a wurin da ya fi kyau kawai, in komai ya zama ralanti ba abin da ya zama na musamman. Yadda ya fi daɗi, gudu ya tafi daidai, yana sama ya lafa, ya taɓa ruwa ya koma daidai, akwai wurin lanƙwasa gudu a cikin manhajar da ke yin haka. Amma ka lura in ka rage gudu murya ma ja take yi ta koma kamar kukan sa, don haka cire sautin wannan guntun, ka ɗauko ƙarar faɗawa ruwa ta ainihi ka ɗora daidai wurin. Ƙarar wurin da na ce ka ɗauka kuma ka shimfiɗa ta ƙarƙashin bidiyon tun daga farko har ƙarshe a hankali, ita ke rufe ramukan yanka. In za ka sa kiɗa kar ya kashe shewar yara da ƙarar ruwa, rage shi ƙasa, ka sa yankan ya faɗa kan bugun ganga. Waƙar mutane kuma in ka ɗora a YouTube ko Facebook suna iya kashe ma sautin gaba ɗaya saboda haƙƙin mai ita, gara ka ɗauka daga cikin waɗanda manhajar ta tanada ko ka sa abokinka ya buga ma bido da hannu, na taɓa yi kuma ya fi dacewa da wurin.

Launi: ɗan ƙara kaifi da haske kaɗan ya isa. Kar ka ce sai ka maida ruwan shuɗi, na ga wanda ya yi, ruwa ya zama shuɗi yaran suka zama kore kamar aljanu. Jan ruwa da koren damina da baƙar fata mai sheƙi, launinmu ke nan kuma yana da kyau a haka. Rubutu in za ka sa, gajere, a sama-sama ko tsakiya, don TikTok na rufe ƙasa da gefen dama da nata tarkacen.

Tsawon duka kar ya wuce sakan 30 zuwa minti ɗaya. Na san da ciwo, kowane yaro na son a gan shi, ƙanena har fushi ya yi da na cire inda ya yi alkafura biyu don hoton ya girgiza. Ka tura mishi nashi daban ya ajiye. Ka tuna ɗan Nijar ɗin nan Hamadou Djibo Issaka da ya yi tseren kwale-kwale a gasar Olimfik ta Landan a 2012, wata uku kacal ya yi yana koyo, shi ya zo na ƙarshe, amma shi ƴan kallo suka tashi suna yi wa tafi. Ni shi ya sa ko a montaj ba na yarda in cire na ƙarshe a tsere, gara in rage na farko.

Wajen fitarwa sa 1080p da 30, duba ƙarshen layin ka goge ɗan guntun tambarin da CapCut ke liƙawa. Kar ka goge ainihin guntayen daga waya sai ka fitar ka kalla ka tabbata, in ka goge su da wuri aikin cikin manhajar zai zama fanko. Ka yi montaj waya na da caji, kar ka dogara da kuran, wato wutar lantarki. In za ka ba wani ya ɗora a nashi shafin kar ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi yake ya dagule, kuma ruwa mai motsi shi ya fi saurin dagulewa, tura shi a matsayin dokima ko ku haɗu ku yi Xender ba mega ko ɗaya. Kafin ka ɗora kuma miƙa wa mutum ɗaya a fada wanda bai je ba, kar ka ce mishi komai, kalli fuskarshi kawai, daidai inda ya ɗaga kai ya nemi kofin shayinshi to nan ne za ka koma ka yanke.